Yadda Ake Adana Kaya da Tarihin 'Yan Wasan Kurket na Gundumomin Ingila

Mafi yawan kayan da tsofaffin 'yan wasan kurket (wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda) na gundumomin Ingila da Wales suka bari suna hannun iyalansu ne. Tsohuwar jaka ce a ƙarƙashin rufin gida, a cikinta hula mai tambari, sandar bugu da ta yi duhu saboda mai, ƙwallo ɗaya ko biyu, da tarin takardu ɗaure da roba. Gasar gundumomi ta samu tsarinta na hukuma a 1890, yau kulob 18 ke buga ta, kuma dubban mutane sun ratsa ta ba tare da sun taɓa saka rigar Ingila ba. Tarihin waɗannan ne ya fi saurin salwanta, domin babu wanda ya rubuta littafi a kansu.

Abu biyu ke hallaka irin wannan kaya. Na farko, rasuwar wanda ya san labarinsu. Na biyu, gyaran da mai kyakkyawar niyya ke yi musu: wanki, gugar azurfa, shafa mai, manna salatif. Garin neman gira sai a rasa ido. Shi ya sa aikin ke farawa da fensir da takarda tun kafin a ɗauko buroshi.

Rubuta kafin ka motsa komai

Ka ɗauki hoton jakar yadda ka same ta, sannan ka riƙa ɗaukar hoto duk lokacin da ka cire wani abu. Yadda kayan suke jere shaida ce. Wasiƙar da aka tarar naɗe cikin hula wataƙila ita ce ta zo tare da hular, kuma da zarar an raba su babu mai sake haɗa su.

Kowane abu a ba shi lamba mai kashi uku: shekarar da ya shigo hannunka, lambar tarin, da lambar abin, misali 2024.1.7. A kan takarda, a rubuta lambar da fensir mai laushi na 2B a kusurwar baya, ba tare da dannawa ba. A kan sanda ko hula ko kofi, a rubuta ta a ƙaramin kati a ɗaura da zaren auduga. Kada a manna sitika, domin gam ɗinta na shiga cikin katako da fata ya bar tabon da ba ya fita.

A cikin rajista a rubuta girman abin, kayan da aka yi shi da su, duk rubutun da ke jikinsa harafi da harafi, lalacewar da yake da ita a yau, da hannuwan da ya bi kafin ya iso. Sannan a raba bayani gida uku: abin da ido ya gani a jikin kayan, abin da wani ya faɗa tare da sunansa da ranar da ya faɗa, da abin da aka tabbatar a rubuce. Wannan rabuwar tana da muhimmanci ƙwarai. Labarin iyali yakan zama gaskiya amma ya zame a kan shekara ko fili, kuma idan aka rubuta shi kamar tabbatacce, bayan shekara ashirin babu mai iya warwarewa.

Gano shekara da tabbatar da labari

Katin maki da ake sayarwa a fili yana faɗin shekarunsa ga mai iya karanta shi. Har ƙarshen kakar 1962 an raba 'yan wasa gida biyu, masu buga wasa don sha'awa da masu karɓar albashi. A galibin filaye ana sa haruffan farko na sunan ɗan sha'awa kafin sunan danginsa, na mai albashi kuwa bayansa, ko ma a bar sunan dangin shi kaɗai. Katin da ya nuna wannan bambanci bai wuce 1962 ba. Farashin ma yana magana: Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta a Fabrairun 1971, don haka katin da aka rubuta wa 6d, wato sisi a tsohon kuɗi, ya riga wannan lokaci, mai 5p kuwa na bayansa ne ko na dab da shi. Sunan gasar da ke kan katin ma alama ce: gasar kofin Gillette ta fara a 1963, gasar ranar Lahadi a 1969, ta Benson & Hedges a 1972, wasan oba ashirin kuma a 2003 (oba ita ce jerin jifan da mai jifa ɗaya ke yi kafin wani ya karɓa). Riga mai launi ta shigo gasar Lahadi a 1993. Ba a buga gasar gundumomi ba daga 1915 zuwa 1918, haka daga 1940 zuwa 1945, saboda haka kati mai waɗannan shekarun na wasan sada zumunci ne ko na tara kuɗin yaƙi.

A littafin maki da aka rubuta da hannu, ƙirga alamomin jifa, ɗige-ɗige da lambobi, da ke cikin kowace oba ta mai jifa. Jifa huɗu ne kafin 1889, biyar daga 1889 zuwa 1899, shida daga 1900. A gasar gundumomi, a 1939 kaɗai aka gwada takwas. Littafin da bangonsa ya yage har kwanan wata ya ɓace, wannan ƙirgar kan mayar da shi zamaninsa.

Hula tana buƙatar lura ta musamman, domin a gundumomi da yawa ba a ba ɗan wasa hular kulob ranar da ya fara. Sai ya nuna kansa, wani lokaci bayan shekaru, kuma samunta kan zo da ƙarin albashi. Tambarin zai nuna gundumar: farin doki na Kent, dila na Leicestershire, barewa ta Nottinghamshire, jar fure ta Lancashire, furen dafodil na Glamorgan. A Yorkshire farar fure mai buɗe da ganye goma sha ɗaya ta cikakken ɗan wasa ce, wadda ba ta buɗe ba kuwa ta 'yan rukuni na biyu. Juya hular ka duba ciki, galibi akwai sunan shagon da ya ɗinka da kuma sunan mai ita a ɗan ƙyalle.

Sa hannu shi ne inda aka fi yaudarar mutane. Ka duba da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Tawadar alƙalami tana yin kauri inda layi ya hau layi, tana kuma shiga cikin takarda ko katako. Wadda aka buga da inji ko hatimin roba shimfiɗe take, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙananan sandunan tsaraba da yawa sa hannun da ke kansu bugu ne. Biro bai yaɗu a Birtaniya ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, don haka takardar da aka ce ta 1934 ce amma da biro aka sa mata hannu abar tuhuma ce. Haka sanda: tsofaffin masu ƙera ta suna buga sunansu a jikin katakon ne, sitika mai launi ta zo daga baya, kuma sandar Gray-Nicolls mai rami a baya ta fito a 1974.

Daga nan sai a koma rubutattun majiyoyi. Kundin Wisden na fitowa kowace shekara tun 1864, kuma na kowace shekara yana ba da labarin kakar da ta gabace ta, abin da ke sa mutane kuskuren shekara ɗaya. Akwai littafin shekara na kowane kulob, akwai kundin shekara na Playfair tun 1948, mujallar The Cricketer tun 1921, da shafin CricketArchive. Ƙungiyar masu ƙididdiga da tarihin kurket, ACS, wadda aka kafa a 1973, ta yi aiki mai yawa a kan ranakun haihuwa da rasuwar 'yan wasan da aka manta. Jaridun gari, waɗanda da yawansu ke British Newspaper Archive, su ne ke da labarin wasannin rukuni na biyu da na lig. Don rayuwar mutum a wajen fili akwai rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun 1837, ƙidayar 1921, da rajistar 1939.

Idan majiyoyi suka saɓa, a rubuta duka biyun tare da dalili. Ko Jack Hobbs na Surrey, wasu littattafai sun ce sau 197 ya ci maki ɗari, wasu 199, saboda saɓani a kan matsayin wasu wasanni da ya buga a Ceylon, wato Sri Lanka ta yau, a kakar 1930 zuwa 1931. In aka yi saɓani a kan Hobbs, ina ga wanda ya buga wasa tara kacal?

Ɗakin ajiya

Ƙarƙashin rufi, gareji da ɗakin ƙarƙashin ƙasa su ne wurare mafi muni, kuma nan aka fi ajiye kayan. Rufi yana gasa su da bazara ya daskarar da su da hunturu, ƙasa kuwa danshi. Abin nema shi ne zafin digiri 16 zuwa 20 da danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma rashin hawa da sauka ya fi ainihin lambar muhimmanci. Danshi ya haura kashi 65, funfuna ta samu gida. Ya yi ƙasa da 40, katako da fata su fara tsagewa. Kabad a ɗakin da ake kwana, nesa da hita da bangon waje, ya wadatar. A saka ƙaramar na'urar auna danshi a ciki, a ɗaga akwatuna aƙalla santimita 15 daga ƙasa.

Sanda, ƙwallo da kayan kariya

Sandar bugu itacen wilo ce, mariƙinta kuma kara ne mai lanƙwasa da aka naɗe da zare aka sa masa rigar roba. Ɗan wasa yana shafa wa sandarsa man linsid don kada ta bushe, amma sandar da ta daina wasa ba ta buƙatar mai. Man yana ƙara mata duhu shekara bayan shekara har ya binne sa hannu. Fenti mai sheƙi ya fi shi ɓarna, domin yana yin rawaya ya tsattsage, kuma cire shi na tafiya da tawadar. Jajayen tabon ƙwallo da tsagar da aka ɗaure da zare su ne tarihin sandar, kada a kankare su. Ƙura kawai za a share da buroshi mai laushi.

A kwantar da ita a kan kumfar Plastazote, fuskarta sama. Tsayar da ita a kan siminti na sa gindinta ya sha danshi ya kumbura ya fashe. Rigar roba kan mutu ta hanya biyu, ko ta bushe ta farfashe ko ta narke ta yi danƙo. Mai danƙo a naɗe ta da takardar silikon don kada ta manne wa wani abu, gutsattsarin da ya faɗi kuma a zuba a ƙaramar jaka mai lambar sandar.

Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 aikin ƙwaron katako ne. Don gane ko yana nan da rai, a kwantar da sandar a kan baƙar takarda daga Mayu zuwa Agusta. In gari mai haske ya zubo, yana ciki, sai a ware ta a leda a nemi ƙwararre. Maganin feshi na kanti yana barin tabo.

Ƙwallo fata ce a kan toton kwalaba da zare. Kada a shafa mata man takalmi ko man fata. A yanka zobe na kumfa a ɗora ta don kada ta gangara. Wadda aka manna wa farantin azurfa, irin da ake ba wanda ya fitar da mutum uku a jifa uku a jere, a bar farantin da duhunsa. Matashin ƙafa kuwa a kwance maɗaurinsa, a sa takarda tsakanin ƙarfen da fatar saboda tsatsa, kuma kada a goge farin garin da ke jikinsa. Kumfar cikin hular kwano ta shekarun 1980 takan ruɓe ta zama gari, don haka a ba ta akwatinta daban.

Ulu da abokin gabansa

Hula, kwat da rigar sanyi duk ulu ne, kuma tsutsar asu ta fi son ulun da gumi ya taɓa shiga, wato daidai waɗannan. Duk da haka kada a wanke. Ulu na tsukewa, launin zaren tambari kuma na zuba a kan farin. A shimfiɗa ragar net a kai, a tsotse ƙura da injin shara a mafi ƙarancin ƙarfinsa ba tare da bakin ya taɓa kayan ba.

In an ga ramuka ko saƙar tsutsa, firiza ce magani. A naɗe kayan da takarda, a sa a ledar da aka matse iskarta aka rufe ruf, a bar su mako biyu a digiri 18 ƙasa da sifili. Bayan an fitar, kada a buɗe ledar sai an yi awa 24, domin raɓar ta sauka a kan leda maimakon ulun. Tarkon asu mai ƙamshi maza kawai yake kamawa, amfaninsa ya sanar da kai cewa akwai matsala. Ƙwayar kafur ta naftalin an hana sayar da ita a Birtaniya tun 2008.

Hula a cusa mata takarda marar asid har ta tsaya da siffarta, kada a ɗora wata a kan wata. Ga ulu a nemi takardar da ba a ƙara wa alkali ba. Mai alkali ta auduga da takardu ce. Rigar sanyi a kwance ake ajiye ta, rataya na miƙar da ita har ta fita daga siffa, kuma a sa naɗin takarda cikin kowane ninki don kada layin ya karya zaren. Kwat mai ƙarfin kafaɗa na iya hawa hanga da aka yi wa matashi, a rufe da farin ƙyallen auduga.

Takardu da hotuna

Salatif, laminatin da albam mai shafi mai danƙo sun lalata takardun kurket fiye da ruwa da wuta. Laminatin ba ya komawa baya, kuma katin da aka yi wa shi ya rasa darajarsa. A cire kilif, allura da robar ɗauri; ƙusar sitefula mai tsatsa a ɗaga ƙafafunta da siririn ƙarfe a kan ɗan kati. Kowace takarda ta shiga aljihun foliyesta irin Melinex. Leda mai laushi mai warin roba, wato PVC, tana fitar da mai ta ɗebe tawada. Takarda da hannu mai tsabta a bushe ake riƙe ta, hoto da ƙarfe kuwa da safar nitiril.

Yankan jarida yana da asid mai yawa, yana shafa wa maƙwabcinsa launin ƙasa, don haka a raba shi da wasiƙu. Littafin manne-manne da ɗan wasa ko matarsa suka haɗa kada a wargaza shi, a sa takarda tsakanin shafuka kawai. Kwangiloli, takardun albashi da ɗan littafin shekarar tallafi, wadda kulob ke ware wa tsohon ɗan wasa don a tara masa kuɗi, ba su da kyan gani kamar hula, amma su ne ke nuna yadda mutumin ya rayu. Wisden kada a jawo shi daga kanta ta saman ƙashin bayansa, kuma kada a sake masa bango, domin masu ɗinkin littafi kan yar da asalin bangon da shafukan talla.

Haske ba ya gyaruwa. Sa hannun alƙalamin maka da aka rataye gaban taga na iya dusashewa cikin 'yan shekaru. Gidajen tarihi suna tsayawa a kan lus 50 (lus ma'aunin ƙarfin haske ne) ga takarda da tufafi. A gida, kwafi ya hau bango, asali ya zauna a akwati. Hoton tawaga a yi masa kwafi, a rubuta sunaye a kan kwafin daga hagu zuwa dama, layin baya tukun. Kofi da lambar yabo kuwa, kowace guga tana cin rubutun da aka sassaƙa. A nisanta su da ulu da roba, masu fitar da sulfar da ke baƙanta azurfa.

Murya da kwafin kwamfuta

Hoto a yi masa sikanin a dpi 600, takarda a 400, a adana a tsarin TIFF, sunan fayil ya zama lambar rajista. Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Kaset na murya da na bidiyo a juya su yanzu, tun ana samun injin kunna su. Fim ɗin da ke warin binega ya fara ruɓewa, a ware shi daga sauran. Mallakar hoto ba mallakar haƙƙinsa ba ce: a Birtaniya haƙƙin kan kai shekara 70 bayan rasuwar mai ɗauka, don haka a duba hatimin baya kafin a wallafa.

Idan ɗan wasan ko wani nasa na raye, hirar ta riga komai gaggawa. A ɗauka a tsarin WAV, kilohaz 48, a ɗaki marar agogon bango ko firji, kada zama ya wuce minti casa'in. A miƙa masa abin a hannu a bar shi ya juya shi, don hannu kan tuna abin da tambaya ba ta tono ba. Makin da ya ci yana Wisden. Abin tambaya shi ne wa ya ba shi hular kuma a ina, me yake yi da hunturu tunda kwangilar ta wata shida ce, yaya aka sanar da shi an sallame shi. A tambayi matar da 'ya'yan su ma, sannan a karɓi izininsu a rubuce kan inda za a ajiye muryar da wanda zai iya sauraro.

Inda kayan za su je

Akwai gidan tarihin kulob ɗin kurket na Marylebone (MCC) a filin Lord's da ke Landan, na Somerset a Taunton, na Sussex a Hove, na kurket ɗin Wales a Cardiff, da ɗakin karatu na Trent Bridge. Takardu zalla ofishin adana bayanai na gunduma ya fi iya kula da su. Kafin a kai, a tambaya ko suna karɓar irin kayan, ina za su ajiye, da abin da zai faru in wata rana ba sa buƙata. Kyauta da aro ba ɗaya ba ne, kuma kowanne sai da takarda mai sa hannun ɓangare biyu, aro kuma da ranar ƙarewarsa. Gyaran da ya fi ƙarfin buroshi a nemi wanda ke cikin rajistar Icon, cibiyar ƙwararrun masu gyara da adana kayan tarihi. In sayarwa za a yi, ƙungiyar Cricket Memorabilia Society, wadda aka kafa a 1987, wuri ne na jin ra'ayin masana kafin a je gwanjo. A roƙi dillalin kada ya rarraba hula da wasiƙarta ko ƙwallo da katin wasanta, kuma kowane abu ya fita da kwafin shafinsa na rajista, wani kwafin ya je wa mai kula da tarihin kulob ɗin.